Yadda ake tono tarihin tsohon gidan silima a Akra

Duk wanda ya san Akra ya san Opera, ko da bai taɓa zama gaban majigi ba. Can ake zuwa sayen waya da soket da fanka da ƙwan fitila, can ma shagona yake. Haka Palladium ta wajen James Town, Orion a Circle, Roxy a Adabraka, Regal a Osu, Plaza a Mamprobi, Dunia a Nima. Duk sunayen gidajen kallo ne, amma yau kwatancen hanya ake yi da su: ka sauka a Orion, ka tsallaka titi. Wasu gine-ginen sun koma coci, wasu sito, wasu an yanyanka su shaguna, wasu kuwa an kwantar da su ƙasa. Wanda yake son rubuta tarihin ɗaya daga cikinsu, don makaranta ne ko don rediyo ko don jikoki su sani, ga hanyar da nake bi.

Ka zaɓi gini ɗaya tak. Masu cewa za su rubuta tarihin silimomin Gana gaba ɗaya sukan ƙare da shafi biyu na abin da kowa ya riga ya sani. Da ka zaɓa, ka riƙe tambaya guda a ranka: me ake yi a wurin kafin fim ya shigo? Ba kowane gidan silima aka gina don fim ba. Palladium, wanda ɗan kasuwa Alfred Ocansey ya buɗe a shekarun 1920, zaure ne na rawa da kiɗa da wasan kwaikwayo irin na konsat, ana kuma nuna fim a ciki. Taron siyasa ma an yi. A ranar 20 ga Fabrairu 1948 jagororin neman 'yancin kai Danquah da Nkrumah suka yi wa tsofaffin sojoji jawabi a can, bayan kwana takwas kuma aka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg, gari ya hargitse. Wanda ya ɗauki Palladium a matsayin gidan fim kawai ya zubar da rabin labarin.

Tsofaffi tukuna

Ɗalibai sukan fara da laburare. Ni da tsofaffi nake farawa, don takardar da ta shekara 70 a kan kanta za ta jira ka wata shida, dattijon da ya yi aikin yanka tikiti kuwa ba ka da tabbacin haka a kansa. Akwai kuma dalili na biyu. Mu mutanen zango mu ne muka cika bencin gaba, musamman daren da aka sa fim ɗin Indiya, amma jaridun wancan lokaci ba su damu da rubuta mu ba. In ba a bakinmu aka samo ba, ba za a samu ko'ina ba.

Sai dai shiga wurin dattijo a kan wannan magana tana da ladabinta. A zamaninsu zuwa silima ba abin alfahari ba ne a zango. Yaron da aka gani a ƙofar silima bayan magariba, gobe da safe bulalar malam na jiransa a makarantar allo, wani ma a gida za a fara. Yaron nan yau shi ne Alhaji mai farin gemu a sahun farko. In ka tare shi a gaban jikokinsa ka ce, “Baba, an ce da kuna yawan zuwa Dunia,” zai ce maka shi bai san wurin ba, magana ta mutu. Ka bi ta hannun mai unguwa ko wani ɗansa babba, ka je bayan la'asar, ka riƙe goro, ka zauna ƙasa da shi. Ka fara da titin, ba da ginin ba.

Wani dattijo a Sabon Zango, da na tambaye shi yadda bakin titin yake a da, sai ya fara lissafa mini masu sana'a: mai tsire a nan, mai gyaɗa a can, mai gyaran keke a kwana. Na ce, “Baba, mai gyaɗar nan har dare take kaiwa?” Ya ce, “Har a tashi daga kallo na biyu.” Ya ɗan yi shiru, ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, “Yaro, kai dai ka zo da wayo. To rufe ƙofar nan in gaya maka.” Daga nan na ji yadda ake haɗa kuɗi mutum uku a tura ɗaya ya shiga ya fito ya ba sauran labari, da bishiyar da ake hawa a leƙa ta saman katanga, da yadda mai gadi yake zagayowa da dorina.

Kada ka tsallake mata. Hajiyar da ta sayar da ƙosai ko wake da shinkafa a ƙofar silima ta fi masu shiga sanin jadawalin, domin da shi take auna tukunyarta. Ta san ranar da ake cika, ta san watan da kasuwa ke mutuwa, ta san azumi yakan rage jama'a, ranar salla kuma layi ya kai kwana. Ka tafi da ƙanwarka ko matarka, hirar ta fi sakin jiki. Sannan ka nemi ma'aikatan gidan: mai jan majigi, mai yanka tikiti, mai nuna wurin zama da tocila, da yaron da ke ɗaukar gwangwanin fim a keke daga wannan silima zuwa waccan. Shi wannan na ƙarshe, in ka dace da shi, zai gaya maka gidajen da ke raba fim ɗaya a dare ɗaya, wato waɗanda mai su ɗaya ne.

Abin da ba za ka tambaya ba shi ne “a wace shekara?” Tsoho zai ba ka shekara don kada ya kunyata ka, kai kuma ka rubuta. Ka ɗaura tambayar a jikin abin da ba ya mantuwa. An buɗe wurin kafin girgizar ƙasar 1939 ko bayanta? Lokacin husufin rana na 1947 yana nan? Kafin 'yancin kai na 1957? Da Muhammad Ali ya zo Gana a 1964, kana da aure? Kafin a hamɓarar da Nkrumah a 1966? Kafin yunwar 1983, shekarar da aka koro 'yan Gana daga Nijeriya? Haihuwa ma ma'auni ce mai kyau: in Hajiya ta ce tana goyon ɗanta na biyu aka sa rufin kwano, sai ka je ka duba katin ɗan.

Akwai shekarar da ta fi kowace muhimmanci gare mu, 1969. A watan Nuwamba gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar, zangonni suka yi asarar ɗimbin mutane. Da yawa daga cikin shaidunka ba sa Akra. Suna Kano, Sakkwato, Yamai, wasu a garuruwan Yarabawa. Ka tambayi dangi lambar waya, ka aika saƙon murya ta WhatsApp. Waɗanda suka tafi a lokacin sukan tuna ginin daidai yadda suka bar shi, ba su haɗa shi da gyare-gyaren da aka yi daga baya, don haka maganarsu tana da tsabta ta wannan fuska.

Ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya a wayarka. A farkon kowace hira ka faɗi sunan mai magana da wuri da kwanan wata da bakinka, don fayil yakan rasa sunansa in an tura shi daga waya zuwa waya.

Shafin talla

Bakin tsoho yana ba ka abin da ya faru. Lokacin da ya faru kuwa, shafin tallar jarida ne ke bayarwa. Daily Graphic ta fara fitowa a 1950, Ghanaian Times a 1958, kuma gidajen silima na buga abin da za su nuna a daren. Kafin 1950 sai ka koma wa irin su Gold Coast Spectator da African Morning Post, jaridun da Ocansey ɗin nan ya kafa, wadda ta biyun Nnamdi Azikiwe ya yi mata edita a tsakiyar shekarun 1930. Mai gidan kallo da ke da jarida ba ya mantawa da tallar gidansa. Ana samun tsofaffin jaridu a laburaren George Padmore, da laburaren Balme a jami'ar Legon, da ma'ajiyar takardun gwamnati.

Kada ka zauna kana buɗe kundi shafi bayan shafi daga farko, ido zai mutu kafin ka kai ko'ina. Ka yi tsalle. Ka ɗauki wata guda a 1950, ka duba ko sunan silimarka na cikin talla. In babu, ka tafi 1960. In akwai a can, ka dawo 1955, haka kana raba tazarar biyu har ka matse ta zuwa watanni. A kusa da nan za ka ci karo da sanarwar buɗewa, sau da yawa da sunan babban baƙo da na kamfanin da ya yi ginin. Haka za ka yi wa ƙarshen ma. Amma ɓacewar suna daga jarida ba ta nufin an rufe gidan. Ƙananan silimomin unguwa sun fi dogara da allon talla a bakin ƙofa da yara masu yawo da shi cikin lungu, don masu kallonsu ba jarida suke saye ba.

Ka lura da yadda aka jera sunayen. Gidajen da ke ƙarƙashin kamfani ɗaya akan haɗa su cikin akwati ɗaya. Iyalin Captan, 'yan asalin Lebanon, su ne ke da Opera da Orion. Iyalin Nankani, 'yan asalin Indiya, sun yi suna wajen shigo da finafinan Indiya. Rex da Roxy kuwa sun kasance a hannun hukumar fim ta gwamnati. Ranar da ka ga sunan silimarka ya fita daga wannan akwati ya shiga wancan, ka sa alama, an yi ciniki ko an ba da haya a tsakanin.

Kuɗin shiga ma agogo ne. In an rubuta shi da sule da kwabo, kafin Yulin 1965 ne, lokacin da aka kawo sidi da pesewa. In ka ga harafin N a gaban alamar sidi, daga 1967 ne, da aka fito da sabon sidi wanda ya yi daidai da sule goma. Wannan na aiki a kan tikiti da fosta da rasit. Ba ya aiki a kan baki, don tsofaffinmu sun ci gaba da ce wa pesewa ashirin sule biyu shekaru da yawa bayan sulen ya tafi.

Takardun hukuma

Ma'ajiyar takardun ƙasa, wadda ake kira PRAAD, tana kan Castle Road, tana da reshe a Kumasi da sauran manyan garuruwa. Ka tafi da katin shaidarka da fensir da littafin rubutu, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun a ƙofa. Takardun zamanin Turawa an kasa su rukuni-rukuni, waɗanda za ka fi buƙata su ne masu lambar ADM da CSO. Da wuya ka ga fayil mai sunan silimarka a goshi. Ka nema da sunan mai gidan, da sunan unguwar, da kalmomin Turanci irin su cinematograph da licence da censorship. Hukuma ba ta damu da daɗin fim ba, abin da ya dame ta gobara da tarzoma da haraji, to a nan za ka sami adadin kujeru da yawan ƙofofin fita da ƙorafin maƙwabta. Dokar fim ta 1961 ta ci gaba da wannan tsari na lasisi da tace finafinai har aka maye gurbinta a 2016. In gininka ya taɓa siyasa, ka duba rahoton hukumar Watson kan rikicin 1948.

Don sanin hannayen da ginin ya bi, ka riƙe shekaru biyu. A 1964 aka kafa hukumar masana'antar fim ta Gana, GFIC, mai kula da gidajen silimar gwamnati. A 1996 aka sayar da kashi 70 cikin ɗari nata ga wani kamfanin Malesiya, cinikin da ya zo da tashar TV3 a 1997. Gidan da ke hannun gwamnati, labarinsa yakan karkata a waɗannan wurare biyu.

Takardar fili tana hukumar filaye, wato Lands Commission, izinin gini kuma wurin hukumar birni. A nan sai ka yi hattara. Akra gari ne da ake zub da jini a kan fili, kuma yawancin tsofaffin silimomi na zaune a wuraren da kowane taku kuɗi ne. Baƙon da ya zo yana tambayar wa ke da wuri, yana auna bango, ba wanda zai ɗauka tarihi yake nema. Ka samo wasiƙa daga makarantarka ko gidan rediyonku ko sarkin zangonku, ka nuna ta tun ba a tambaye ka ba. In ka ji maganar na gaban kotu, ka rubuta cewa tana kotu ka wuce, ba aikinka ba ne raba gardamar magada.

Abin da bango ke faɗa

Wannan ne sashen da na fi so, wataƙila don aikina na wayar lantarki ya saba mini da kallon bango. Ka nemi izinin fasto ko mai sito, ka je da safe a ranar da ba taro. Ka tafi da tef na awo da tocila da ƙaramar ƙwallo.

Ka shiga, ka juya wa gaba baya, ka ɗaga kai ka dubi bangon ƙarshe. Can sama za ka ga ƙananan tagogi masu kusurwa huɗu, ba su fi a zura kai ba. Galibi an toshe su da bulo an shafe da fenti, amma in ka haska tocila daga gefe, a kwance da bangon, layin yaɓen zai fito. Ka ƙirga su. Gidan da ya amsa sunansa yana da majigi biyu, domin gwangwanin fim ɗaya kamar minti ashirin yake ɗauka, in ya kusa ƙarewa sai a kunna na biyu ba tare da an tsaya ba. Kowane majigi da tagar haskensa, da kuma wata a gefe wadda mai aikin ke leƙawa. In tagar haske ɗaya ce tak, to gidan na tsayawa a canza fim, a nan ne tsofaffi za su ba ka labarin ihu da fito da buga benci.

A wata tsohuwar silima da yanzu ake tara buhunan shinkafa, mai gadin ya buɗe mini ɗakin majigin. Matakalarsa ta waje take, ba ta cikin zauren ba. Ƙofar ƙarfe ce, bango da rufi duk kankare. A ƙasa akwai ƙusoshi huɗu-huɗu a wuri biyu, inda aka ɗaure ƙafafun injuna, a sama kuma ramuka biyu zagayayyu da baƙin hayaƙi a bakinsu. Duk wannan yana da dalili. Fim ɗin da ake amfani da shi har farkon shekarun 1950 na naitiret ne, yana kama wuta kamar fetur, ruwa ma ba ya kashe shi da sauƙi, shi ya sa ake ware ɗakin daga jama'a. Ramukan sama kuwa na bututun hayaƙi ne, don fitilar majigin lokacin sandunan kabon biyu ne da wutar lantarki ke tsalle a tsakaninsu, suna ci suna ƙarewa, mai aikin na matso da su. A lungun taga na tsinci guntun sandar, tsawon ɗan yatsa, da rufin jan ƙarfe a jikinsa. Na ɗauki hotonsa na mayar inda yake.

Ka sauko ka ajiye ƙwallon a ƙasa. In ta gangara gaba da kanta, an gina daɓen ne don kallo. In ta tsaya cak, ko dai zauren rawa ne tun asali, don ba a rawa a kan gangara, ko kuma masu wurin na yanzu sun cike shi. Bakin ƙofofin gefe zai raba maka: in an cike daɓe, ƙofofin gaba sukan zama gajeru, ko ka ga matakala ta nutse cikin siminti.

Sai gaba. Gidan da aka gina don fim zalla, bango ne fari kawai, da ɗan dandamali siriri. Wanda aka gina don wasa yana da dandamali mai zurfi, da ƙananan ɗakuna a gefe inda 'yan wasa ke sauya kaya, da ƙofar baya ta shigo da ganguna, wani lokaci da ƙugiyoyin labule a sama. In ka sami waɗannan, sannan ka ga ɗakin majigin kamar an liƙa shi ne daga baya, bulonsa daban da na sauran ginin, ka sami hujjar cewa wasa ya riga fim a wurin. Ka duba gefen farin bangon kuma. Daga 1953 aka fara fitar da finafinai masu faɗin hoto, gidaje da yawa suka ƙara wa allonsu fiffike dama da hagu, wurin haɗin yakan tsage.

Silimomi da dama a nan ba su da rufi, ko kuma bayan kawai aka rufe, inda masu tikiti mai tsada ke zama, na gaba kuwa in ruwa ya sauko sai haƙuri. Don haka ka dubi rufin da kyau: layin tsohon bango da sabon da aka ɗora a kai yakan nuna. Ka nemi tagogin tikiti a waje. In biyu ne a ɓangarori daban, kowace da ƙofarta, to an raba masu kuɗi da talakawa tun daga titi. A daɓe, ramukan ƙusa a jere na nufin kujerun ƙarfe, inda babu kuwa benci ne. A goshin ginin, da hantsi, tsofaffin haruffan sunan gidan sukan fito ta ƙarƙashin fenti.

In ka ci karo da gwangwanayen fim, kada ka ɗauka ka kai gida, kada kuma a sha taba kusa. A gefen fim ɗin akan rubuta NITRATE ko SAFETY. Na farkon haɗari ne. Na biyun in yana warin tsami, ya fara lalacewa, kuma yana shafar na kusa da shi. Ka sanar da mai wurin, ku nemi makarantar koyon fim ta NAFTI, wadda aka kafa a 1978, su ba da shawara.

Hotuna kuwa, ka gwada ɗakin hoto na Deo Gratias a James Town, wanda ke nan tun 1922, da sashen hotuna na ma'aikatar watsa labarai, da tarin hotunan Mishan ɗin Basel da ke intanet. Ka roƙi iyalai su buɗe akwati, don samari kan yi hoton salla a gaban silima. Hotunan da ke yawo a Facebook ka ɗauki hoton ka bar rubutun ƙasansa, sau da yawa ƙagen wani ne. Ka auna da idonka: Gana ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974, to in motoci na bin hagu, hoton ya girmi wannan rana. Ka dai tabbata rubutun allunan cikin hoton na karantuwa daidai, don akan wanke hoto a juye.

Yadda gidan ya mutu

Kowa zai ce maka bidiyo ce ta kashe silima. Kada ka karɓa a dunƙule. Talabijin ta zo a 1965 silima ba ta girgiza ba. A ƙarshen shekarun 1970 kuɗin waje ya yi wuya, sabon fim da kayan gyaran majigi suka yi ƙaranci, ana ta maimaita tsofaffi har sun kakkarce. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fitar dare wadda ta kai 1984, sana'ar dare kuwa ba ta jure irin wannan. Sannan ɗakunan bidiyo suka bazu cikin unguwanni, talabijin ɗaya da benci da janareta, da fostocin da ake zanawa da hannu a kan buhun fulawa. Amma daga 1987, da 'yan Gana suka fara shirya nasu finafinan a kaset, wasu manyan gidajen sun sake cika na ɗan lokaci. Kowane gini da nasa ajalin.

Tambayoyin da ke fito da gaskiya ƙanana ne. Yaushe aka daina kallo biyu a dare aka koma ɗaya? Yaushe aka ajiye babban majigi aka kawo na bidiyo? An yi lokacin da coci ke haya da safiyar Lahadi, da dare a nuna fim? Wa ya sayi kujerun? Tsohon dattijon cocin yakan san ranar da suka karɓi makulli, kuma coci na ajiye rasit fiye da kowa.

Wajen rubutawa, ka buɗe littafi mai layi uku: abin da aka ce, wa ya ce ko a ina ka gani, da kuma abin da ya goyi bayansa. Maganar da ta zo daga baki ɗaya ka rubuta ta da sunan mai ita, “in ji wance.” In jarida ta ce kaza, tsofaffi uku suka ce ba haka ba, ka kawo duka biyun, ka faɗi wanda ka fi karkata gare shi da dalilinka. Sau da yawa ba saɓani ba ne, jarida na maganar bikin buɗewa, su kuwa suna maganar ranar da aka fara nuna fim a filin tun ba a gama katanga ba.

Kafin ka sa komai a intanet, ka koma wurin waɗanda suka ba ka labari ka karanta musu abin da ka rubuta da Hausa. Za su gyara maka sunayen lunguna, za su tuno abin da suka manta. Wanda ya ce a cire sunansa daga labarin hawan bishiya, ka cire, ka bar “wani dattijo.” Ka buga kwafi a takarda ka ba kowane gida, ka kai muryoyin da hotunan ma'ajiyar Nketia da ke Cibiyar Nazarin Afirka a Legon ka tambaya ko za su karɓa, tare da takardar izinin masu maganar.